Finafinan masu kisan ɗauki ɗai-ɗai: mun haddace makashin, darasin kuma ya wuce mu

Kwanakin baya na je shagon wani abokina mai cajin waya da tura finafinai a nan Gumel, domin in saka masa wata 'yar manhaja da na rubuta masa ta lissafin wayoyin da ake kawowa caji. Na tarar da samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, har da wani yaron unguwarmu da bai gama sakandare ba. Na ɗauka ƙwallo suke kallo. Da na leƙa sai na ga labarin Jeffrey Dahmer ne, wani ya yanko shi daga shirin Turanci ya ɗora masa muryar Hausa. Ana cikin kallo sai yaron ya ce, "Kai, wannan mutumin ƙwaro ne! Shekara 13 yana yi ba a kama shi ba."

Na ce masa, "Ƙanena, mutum 17 ya kashe. Faɗa min sunan ko ɗaya daga cikinsu." Ya yi shiru. Maganar gaskiya, ni ma da na yi tambayar ban riƙe sunan ko ɗaya ba a lokacin, alhali na kalli shirin tun daga farko har ƙarshe.

Tun ranar abin yake damuna. Ni ba malamin addini ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Rubuta manhaja na koya wa kaina da waya da tsohuwar kwamfuta, don haka ta wannan fuskar zan yi magana. Ra'ayina shi ne, akwai darasi babba a cikin waɗannan finafinai, kuma ya shafe mu kai tsaye, amma yadda ake tsara su da yadda waya ke turo mana su yana sa mu riƙe makashin mu saki darasin.

Yadda suke iso mana

Mafi yawanmu a wannan yanki ba ma biyan kuɗin Netflix. Amma abin da ya yi tashe a can, cikin 'yan kwanaki za ka gan shi a nan: a katin waya, ta Xender, ko an yayyanka shi a TikTok da Facebook, ko wani ya zauna a YouTube yana ba da labarin da Hausa. Kamar yadda fassarar finafinan Indiya ta samu kasuwa, haka labaran kisan gilla na gaskiya suke samun tasu.

A watan Janairun 2019 Netflix ya saki shirin bincike a kan Ted Bundy, daidai da cika shekara 30 da zartar masa da hukuncin kisa a Amurka. Abin da ya biyo baya shi ne masu kallo suka cika intanet da yabon kyawun mutumin da ya kashe mata da yawa, har sai da kamfanin da kansa ya fito a Twitter yana ƙorafi a kan hakan. A Satumbar 2022 aka saki wasan kwaikwayo a kan Dahmer, a watan da ya biyo baya kuma aka biyo shi da shirin da ke ɗauke da muryarsa ta gaskiya. Wasan kwaikwayon ya haura awa biliyan ɗaya na kallo cikin kwana 60. Rita Isbell, wadda Dahmer ya kashe ɗan'uwanta Errol Lindsey, ta ce babu wanda ya tuntuɓe ta kafin a kwaikwayi kukan da ta yi a kotu.

Me ya sa wayarka take ta turo maka su?

A 2012 YouTube ya sanar cewa tsarinsa na zaɓo bidiyo zai daina fifita yawan dannawa, ya koma fifita tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san ma'anar wannan. Na'ura ba ta san mai kyau da marar kyau ba. Lamba ɗaya aka ce ta ɗaga, kuma duk abin da zai ɗaga lambar shi za ta tura gaba.

Mai ɗora bidiyo ma yana da nasa allon. Manhajar tana nuna masa daidai wurin da masu kallo suka tsaya da wurin da suka gudu. Idan ya ga suna tsallake wurin da ake maganar iyalin mamaci, suna kuma maimaita wurin da ake bayanin yadda aka yi kisan, ba sai an gaya masa abin da zai yi a bidiyo na gaba ba. Zai rage iyali, ya ƙara makashi. Fuskar makashin ce za ta hau hoton gaba, sunansa ne zai hau kanu. Ba lallai mai shirin ya zama mugu ba. Kasuwa ce ta koya masa, mu kuma masu kallo mu ne kasuwar.

A haka ne ake gina mana hoton wani mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya gagari hukuma. Wannan hoton shi ne yaron nan ya gani har ya ce ƙwaro ne.

Su ba ƙwari ba ne

Mu duba yadda aka kama wasu daga cikinsu. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a jihar Kansas ta Amurka tsakanin 1974 da 1991, yana kuma aika wa 'yan sanda da gidajen jarida wasiƙun izgili. A 2005 ya tambayi 'yan sanda ko za a iya gano shi idan ya aiko saƙo a faifan kwamfuta irin na da, wanda ake kira fulofi. Suka ba shi amsa ta tallar jarida cewa babu komai. Ya yarda, ya aika. A cikin faifan akwai wata takardar Microsoft Word da ya goge, kuma bayanan da ke maƙale a bayan takardar sun nuna sunan wani coci da sunan wanda ya taɓa ta na ƙarshe, wato Dennis. Binciken intanet kaɗan ya nuna shi ne shugaban majalisar cocin. Ranar 25 ga Fabrairun 2005 aka kama shi. Mutumin da ake zuzuta wayonsa bai san cewa goge fayil ba ya share shi daga faifai ba, abin da yaran da ke gyaran waya a kasuwa suka sani.

Harold Shipman likita ne a garin Hyde kusa da Manchester a Ingila. A Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15, daga baya kwamitin bincike ya gano aƙalla 215, yawancinsu tsofaffin mata. Ya kan koma kwamfutar asibitinsa ya ƙara wa mamaci ciwon ƙarya da tsohon kwanan wata, don mutuwar ta yi kama da ta Allah da Annabi. Bai san kwamfutar tana ajiye ainihin lokacin da aka yi kowane gyara ba. Abin da ya fara tona shi kuwa wasiyyar jabu ce da ya buga da tafireta, wadda 'yar mamaciyar, lauya, ta duba ta ce wannan ba rubutun mahaifiyarta ba ne.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya ba su ranakun dubu?

Waɗanda ba a saurara ba

A watan Mayun 1991 wani yaro ɗan shekara 14 ya kuɓuto daga gidan Dahmer a birnin Milwaukee, a jigace. Wasu mata baƙar fata suka gan shi, suka kira 'yan sanda. 'Yan sandan suka yarda da bayanin Dahmer, suka mayar masa da yaron. Ya kashe shi a daren, ya kuma kashe wasu huɗu kafin a kama shi a watan Yuli. A batun Shipman, wata likita ta kai ƙorafi tun Maris ɗin 1998 a kan yawan mace-macen marasa lafiyarsa, aka yi bincike sama-sama aka rufe. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 a Amurka, mafi yawansu mata talakawa da ba su da mai bin kadinsu, kuma da yawa daga cikin mace-macen an rubuta su a matsayin haɗari ko shan ƙwaya. Sai da masu nazari na hukumar FBI suka riƙa daidaita bayanansa da abin da ke cikin rumbun bayanai na laifuka kafin aka tabbatar da gommai daga ciki.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A 2019 aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal a Fatakwal, an shaƙe su. Mata suka fito zanga-zanga, wani babban jami'in 'yan sanda kuma ya yi furucin da ya nuna kamar karuwanci ne ya jawo wa matan, abin da ya ƙara fusata jama'a. Hoton da kyamarar tsaro ta wani otal ta ɗauka shi ne ya bazu, aka kama Gracious David-West a Satumbar shekarar. A Oktoban 2020 babbar kotun jihar Ribas ta yanke masa hukuncin kisa kan kashe mata tara. Sai bayan an yi ta rasa rayuka aka matsa wa otal-otal su saka kyamara su kuma rubuta sunan baƙi.

Duk labaran nan abu ɗaya suke faɗa. Makashin ya daɗe ne saboda ya zaɓi mutanen da ba a ƙirga su, saboda an ƙi sauraron wanda ya fara magana, kuma saboda babu wanda ya jera rahotanni wuri ɗaya ya ga suna kama da juna. Abin da ya kama shi kuma rubutu ne: bayanin fayil, agogon kwamfuta, kyamara, rumbun bayanai.

Namu na gida

A arewa, abin da ya fi kusa da irin waɗannan finafinai shi ne shirye-shiryen da aka yi a kan 'yan bindiga. A Maris ɗin 2022 Trust TV ya fitar da nasa, a watan Yuli kuma sashen BBC Africa Eye ya fitar da shirin Zamfara wanda Yusuf Anka ya jagoranta, inda aka ga jagororin 'yan bindiga irin su Ado Aleru suna magana da bakinsu. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce an kambama ta'addanci. A watan Agusta hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, haka ma kamfanonin Multichoice da TSTV da Startimes kowannensu. Tun kafin nan, a 2021, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya da shaye-shaye.

Na fahimci tsoron da ke bayan waɗannan matakai, kuma ba tsoron banza ba ne. Mai kisa yana son a san shi, kuma kyamara tana ba shi abin da yake so. Amma ban yarda hani ne maganin ba, saboda dalilai biyu. Na farko, tarar tana kama gidan talabijin mai lasisi da adireshi, wanda ke da edita da lauya, ta bar dubban masu yanka bidiyo a TikTok da ba su da ko ɗaya. Ba a cin tarar Xender. Na biyu, shirin Zamfara ya shiga asibiti da ƙauyuka, ya nuna waɗanda abin ya shafa, ya yi tambayar yadda aka kai ga haka. Abin da ya fi yawo a wayoyinmu kuwa shi ne guntun da aka yanko na ɗan bindiga yana cika baki, an cire duk sauran. Laifin yana wurin yankan, ba wurin binciken ba.

Haka aka yi da batun Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022. Kotu ta yanke wa Abdulmalik Tanko, mai makarantar da take zuwa, hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Bidiyon da yake amsa laifi ya shiga kusan kowace waya. Amma mutum nawa ne suka zauna suka yi shiri a kan wa ke tantance masu buɗe makarantun kuɗi, ko me iyaye za su yi a awannin farko idan yaro bai dawo gida ba?

Idan mutum ya ɓata a Maigatari

Nan ne maganar ta dawo gida. Ba ina cewa akwai irin wannan makashi a yankinmu ba, Allah ya kiyaye. Tambayata ita ce, da akwai, ta yaya za mu sani?

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da baƙi: fataken dabbobi daga Nijar, dillalai, masu lodin tirela zuwa kudu, 'yan dako, almajirai, 'yan cirani. Da yawa ba su da ɗan'uwa a garin, wasu ba su da katin shaida, wasu layin wayarsu na wata ƙasa ne. Idan ɗayansu bai koma gida ba, danginsa za su ɗauka ya wuce Kano ko Legas neman kuɗi, mutanen kasuwa kuma za su ɗauka ya koma gida.

Na ga irin wannan da idona. Wani yaron maƙwabtanmu ya bi motar dabbobi bai dawo ba. Iyayensa suka kai cigiya wurare uku, kowane wuri aka rubuta a littafinsa, aka yi shela a masallaci, aka tura hotonsa a WhatsApp. Cikin ikon Allah bayan makonni ya dawo lafiya, ashe aikin gona ya samu. Amma babu wanda ya koma ya soke cigiyar, kuma wata shida bayan nan hotonsa yana ta yawo ana cewa a taimaka a yaɗa. Littattafai uku, babu wanda ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa. Da yara uku za su ɓata a wata ɗaya, ɗaya a Gagarawa, ɗaya a Sule Tankarkar, ɗaya a Gumel, duk bayan sun hau irin mota ɗaya, babu allon da zai nuna wa kowa cewa abu ɗaya ne. A 2022 ƙungiyar agaji ta ICRC ta ce mutanen da aka yi mata rajistar ɓatansu a Najeriya sun haura 25,000, fiye da rabi yara ne. Yawancin wannan adadi daga rikicin arewa maso gabas ne, kuma waɗanda aka rubuta ke nan.

Abin da za mu iya ginawa

Wannan aiki bai fi ƙarfin matasan da ke koyon rubuta manhaja a Jigawa ba. Rajistar cigiya ce guda ɗaya ta ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel: suna, kimanin shekaru, hoto, wurin da aka ga mutum na ƙarshe, rana, da wanda ya kawo cigiyar. Ta zama da Hausa. Ta yi aiki ko babu sabis, ta tura bayanan idan sabis ya dawo, domin mun san halin ƙauyukanmu. Ta karɓi saƙon tes daga ƙaramar waya. Abu mafi muhimmanci, ta kasance da wurin da za a danna a ce an ga mutum, domin cigiyar da ba a rufewa tana binne ta gaskiya. Masu shigar da bayanai su zama waɗanda jama'a suka riga suka saba kai wa cigiya: masu unguwanni, dagatai, shugabannin kasuwa da na tasha, tare da 'yan sanda da gidajen rediyo.

Akwai haɗari a ciki, kuma dole a faɗe shi. Wanda ya kalli finafinan nan da yawa yakan ɗauki kansa ɗan sandan ciki, ya fara ɗora hoton mutum yana cewa ga wanda ake zargi. Mun ga inda zargi ba bincike yake kai wa. A Maris ɗin 2025 aka kashe matafiya 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo, mafarauta da ke hanyar komawa gida, bisa zargin masu garkuwa ne. Saboda haka rajistar ta zama ta waɗanda suka ɓata kawai, kada a buɗe wurin rubuta wanda ake zargi. Lambar wayar iyali kada ta fito fili, don kada 'yan damfara su kira suna neman kuɗin fansa. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kiyaye su, musamman na yara.

Ga masu shirya irin waɗannan bidiyo da Hausa

Ban ce ku daina ba. Amma ga abin da nake roƙo. Ku sa sunan wanda aka kashe kafin na wanda ya kashe. Idan labarin na gida ne, ku nemi izinin iyali kafin ku ɗora hoton ɗansu, kuma kada ku nuna gawa. Kada ku kira mutum makashi kafin kotu ta kira shi haka. Ku tsallake bayanin yadda aka yi kisan dalla-dalla, ku tsaya a kan wa ya fara lura, wa ya ƙi saurara, da me ya tona asirin. Na san wannan zai iya rage muku masu kallo a farko. Amma ku tuna mahaifiyar mamacin ma tana da waya, kuma tsarin zai iya turo mata bidiyonku.

Mu masu kallo kuma muna da namu ikon, tunda lambar da na'urar ke bi daga hannunmu take fitowa. Akwai wurin da ake dannawa a ce ba a son irin wannan bidiyo, akwai wurin goge tarihin kallo. Abin da ka kalla har ƙarshe, ka ce a ƙaro maka ne. Abin da ka tura wa zaure, ka sa hannu a kansa ne. Idan kuma wayarka ce ƙannenka ke ɗauka da dare, ka sani abin da ka saba kallo shi za a jera musu.

Na koma shagon abokina bayan kwana biyu, na sake haɗuwa da yaron. Na ba shi labarin fulofin Rader, ya yi ta dariya ya ce, "Ashe ma wawa ne, Yaya." Sai ya tambaye ni yadda ake ganin bayanan da ke bayan fayil. Na nuna masa a hoton da ya ɗauka da wayarsa: rana, lokaci, da irin wayar. Yanzu yana zuwa wurina ranar Asabar, mun fara zana allon farko na rajistar cigiyar a takarda. Duk wani mai rubuta manhaja a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar da ke da sha'awa, aikin yana buƙatar hannu. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya bayyana waɗanda suka ɓata.